Na gina shafina da hannuna, ma'aunin W3C ya fito min da kurakurai 63. In gyara ko in bari?

Zainab:
Assalamu alaikum warahmatullah. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa tankawa ba, yau dai ga ni da tawa.

Sana'ata zane: katin biki, kalanda, tambarin shago, da takardar da ake manna wa robar zoɓo ko kwalbar humra. Ban yi makarantarsa ba. A wani shagon buga takardu a Zariya na koyi CorelDraw, ina zama gefen mai aikin ina kallon hannunsa, har ya fara bar min kujerar in zai tafi masallaci. Shekara shida ke nan. Duk aikina a wani dandalin sada zumunta nake baje shi, sai bara na wayi gari na kasa shiga asusuna. Kwana tara ina fama, masu biki na kira, ba ni da inda zan nuna musu ko kati ɗaya. Tun ranar na ƙudura sai na mallaki wurin kaina.

Wata huɗu na yi ina koyon HTML da CSS, yarukan da ake gina shafin intanet da su, da daddare a shafukan koyarwa na MDN da freeCodeCamp, in an kawo wuta. Na gama shafuka biyar, na ɗora, a kwamfutata sun yi kyau ƙwarai. Shekaranjiya na ga ana cewa a riƙa gwada shafi a validator.w3.org, ma'aunin kurakurai na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, na saka nawa. Kurakurai 63 a shafin farko kaɗai. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Tambayata biyu ce. Tunda shafin yana buɗewa, dole ne sai na bi na gyara su? Ta biyu, na buɗe shi a wayar gwaggona, inda na rubuta "ƙayatarwa" sai ga "Æ™ayatarwa". Me ya kawo haka?

Nura:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da ƙoƙari, wata huɗu ba wasa ba. Amma gaskiya zan faɗa miki: kar ki bari jan rubutun nan ya hana ki barci. Shekara bakwai ina yi wa mutane shafuka, ba a taɓa samun wanda ya ce in nuna masa sakamakon W3C kafin ya biya ni ba. Ɗauki manyan shafukan da kika sani ki zuba su a ma'aunin nan, za ki ga da yawansu su ma ja ne. Burauza, wato manhajar buɗe shafi, tana yafe kuskure. Ke mai zane ce, lokacinki a zane yake da daraja. Da ni ne ma WordPress zan ɗora, manhajar da ake haɗa shafi da ita ba sai an rubuta HTML ba, in zaɓi samfuri mai kyau, kwana biyu an gama.

Shamsu:
Ina biye. Ni ma nawa 40 da wani abu ya ba ni, na rufe na gudu.

Malam Ilu:
Malama Zainab, bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ce mai sauƙi, kuma ita za ta amsa miki ta farko.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin UTF-8, harafin ƙ lamba biyu ne a jere. Idan ba ki faɗa wa burauza tsarin da kika yi rubutu da shi ba, sai ta yi cinta. Taki ta cinta daidai. Ta gwaggo ta ɗauka tsohon tsarin Turawan Yamma ne, inda kowace lamba harafi guda ce, sai ta karanta ta farkon Æ, ta biyun ™. Duba inda kika rubuta ɗ, za ki tarar ya koma É da dogon layi. Maganin layi ɗaya ne, `<meta charset="utf-8">`, a can saman `<head>`. Ƙa'ida ta ce ya zo cikin bayit 1024 na farkon fayil ɗin, don haka ki sa shi ya zama na farko a cikin sashen head ɗin.

Yanzu koma ki duba jerin kurakuranki 63. Ina da yaƙinin wannan yana ciki, kusa da sama.

Zainab:
Malam, yana nan! Shi ne na biyu. Na farkon kuma yana maganar DOCTYPE. Na saka layin yanzu, na kira gwaggo ta sake buɗewa, ta ce ya gyaru.

Malam Ilu:
Alhamdulillahi. To kin ga, ma'aunin ya hango abin da wayar gwaggo za ta yi tun kafin ki kai mata. Aikinsa ke nan.

Nura ƙanena, ban ce ba ka da gaskiya ba, amma ka iske gona an riga an yi mata shara ne. Ni a wani kafe na Kaduna na fara taɓa HTML wajen 2003, kuma a lokacin kusan kowane shafi akwai rubutu a ƙasansa cewa da burauza kaza ya fi kyau. Dalili shi ne a shekarun 1990 Netscape da Microsoft sun yi ta tsere, kowa na ƙirƙiro nasa. Netscape ta kawo `<blink>` mai sa rubutu ƙyaftawa, Microsoft ta kawo `<marquee>` mai sa shi gudu. Mai gina shafi kan yi aiki biyu, ɗaya don wannan, ɗaya don waccan. Tim Berners-Lee ya kafa W3C tun 1994 don a sami magana ɗaya, CSS na farko ya fito a ƙarshen 1996, amma sai da masu zane da kansu suka haɗa ƙungiyar Web Standards Project a 1998 suka matsa wa kamfanonin lamba kafin aka fara bin abin da aka rubuta. Yawancinsu kuwa irinki ne Malama, su suka koya wa kansu, don a lokacin ba makarantar abin.

DOCTYPE ɗin da kika gani ragowar wancan zamanin ne. Da aka gyara burauzoji, an ji tsoron tsofaffin shafuka za su wargaje, sai aka bar musu tsohon hali a ajiye. Shafin da bai fara da `<!DOCTYPE html>` ba, burauza takan ɗauke shi tsohon kaya ne, ta auna shi da wasu dokokin da. Wato yanzu haka shafinki na 2020 da wani abu ana yi masa hukuncin shafin 1998.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuma shi ne daɗewa. Shafin farko da aka yi a duniya, na CERN a 1991, yana nan a info.cern.ch, buɗe shi a wayarki yanzu zai fito. Ni kuwa na taɓa gina wa wata makaranta shafi gaba ɗaya da Flash, wata manhajar yin hotuna masu motsi, saboda ina son abubuwa su riƙa motsi. Zaɓina ne, ba wanda ya sa ni. An daina Flash a ƙarshen 2020, aikin nan ya tafi, ko ni ba zan iya buɗe shi ba yau. Ke da kika gudo daga gidan haya don ki gina naki, kar ki yi gini da tubalin da ruwa ɗaya zai narkar.

Nura:
Malam, ranka ya daɗe, tarihin nan haka yake. Amma ai shi ya sa na ce an wuce wurin. Internet Explorer kanta an yi mata ritaya a watan Yunin 2022. Kuma ka fi ni sani, ƙa'idar HTML ta yanzu ta rubuta dalla-dalla abin da burauza za ta yi in ta ci karo da kuskure. Chrome da Firefox da Safari duk hanya ɗaya suke bi su gyara. To in duk za su gyara iri ɗaya, ina illar?

Malam Ilu:
Wannan ka faɗi daidai, kuma babban aiki ne da mutanen WHATWG, ƙungiyar da wasu kamfanonin burauza suka kafa, suka fara tun 2004, ya shiga HTML5 da W3C ta tabbatar a 2014. Sai dai "iri ɗaya" ba ya nufin "yadda kake so". Misali: ka saka `<div>` a cikin `<p>`. Na farkon akwatin sashe ne, na biyun sakin layi. Doka ta hana, don haka da burauza ta ga `<div>` sai ta rufe `<p>` ɗin da kanta. Can ƙasa ta iske `</p>` naka ba shi da abokin tafiya, sai ta ƙirƙiri sabon sakin layi wanda ba komai a cikinsa. Dukkansu haka za su yi. Kai kuma ka zauna kana neman inda wani gibi ya fito maka a tsakiyar zane.

Zainab:
Innalillahi. Malam, gibin nan kwana uku na yi ina yaƙi da shi a ƙarƙashin hoton kalanda. Daga ƙarshe `margin` na ba shi mai ragi don ya hau sama, a kwamfuta ya zauna, a waya kuma rubutun ya hau kan hoton. Yanzu na duba, `<div>` ne a cikin `<p>`, kuma sau bakwai na maimaita shi.

Nura:
To wannan na yarda a gyara. Abin da nake gudu shi ne mutum ya mayar da koren sakamako addini. Na ga masu kwana a kan gargaɗin da ba ya cutar da kowa, alhali shafinsu ba ya kawo musu ko sisi.

Malam Audu:
Assalamu alaikum. Ku yi min izini in sa baki, duk da ni ba mai gina shafi ba ne, mai shiga ne. Malamin makaranta ne ni, kuma ba na gani tun ina ɗan shekara tara. A kwamfuta NVDA nake amfani da ita, manhaja ce kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka fara a 2006. A waya kuma TalkBack. Su ke karanta min abin da ke allo.

Malama Zainab, na karɓi adireshin shafinki na shiga. Bari in faɗa miki abin da kunnena ya ji, kar ki ji haushi.

Da na shiga shafi, abin da nake fara yi shi ne danna H, ta riƙa tsallaka da ni daga kan magana zuwa kan magana, kamar yadda mai ido ke watsa ido ya ga inda zai sauka. A naki ta ce babu ko ɗaya. Na san akwai su a ido, amma kin yi su ne da ƙara wa rubutu girma, ba da `<h1>` da `<h2>` ba, don haka a wurina duk shafin dogon zance ne guda. Na bi shi layi-layi. Sai na fara jin "hoto, IMG 2041", "hoto, IMG 2042", haka har ashirin da wani abu. Na kai wurin da aka ce farashi, nan ma hoto ne guda, ban san ko naira nawa ba ne. Daga ƙarshe na nemi inda zan aiko miki saƙo, na yi ta danna Tab, ban taɓa sauka a kan maɓallin ba. Ina zaton `<div>` ne aka yi wa ado ya yi kama da maɓalli.

Malam Nura ya ce ba wanda ya taɓa tambayarsa. Haka ne, ba ma tambaya. Fita muke yi mu tafi wani wuri, ba za ka taɓa sanin mun zo ba.

Amma kuma ina tare da shi a abu ɗaya. Koren sakamako bai isa ba. Akwai masu rubuta `alt="hoto"` a kowane hoto, a gurbin da aka tanada don bayanin hoton, don ma'aunin ya yi shiru. Ya yi shirun kuwa, ni kuma ina jin "hoto, hoto". Na'ura tana iya duba ko an rubuta wani abu, ba ta iya duba ko abin da aka rubuta yana da amfani.

Zainab:
Malam Audu, ban ji haushi ba, kunya na ji. Ban taɓa kawowa a raina cewa wanda ba ya gani zai shiga shafin mai zane ba. Don Allah ka gafarce ni. Me ya kamata in rubuta a hoton kati? Ai ado ne, ta yaya ake faɗin ado?

Malam Audu:
Ba komai ƙanwata. Mu ma muna aure, muna suna, muna raba kati. Ki faɗe shi yadda za ki faɗa wa ƙawarki a waya in data ta ƙare mata. "Katin ɗaurin aure, fari da ruwan zinare, da zanen dagi a kusurwa huɗu, ana naɗe shi biyu." Shi ke nan na san abin da zan saya, kuma in na kai wa uwargida ta duba ba za ta ga wani abu daban ba. Hoton da ado ne zalla, kamar layin fure da ke raba sashe da sashe, ki bar masa `alt=""` ba komai a ciki, manhajar za ta tsallake shi, ta hutar da ni. Farashi kuwa ki rubuta shi rubutu na gaske.

Nura:
Malam Audu, Allah ya saka da alheri. Maganar "fita muke yi" ta shige ni. Zan koma in duba na mutanen da na yi wa aiki.

Mariyama:
Salamu alaikum daga Damagaram. Ƴar'uwa Zainab, aikinki na da kyau, katin nan mai kore da azurfa na daɗe ina kallonsa. Amma sai da na jira fiye da minti ɗaya kafin ya fito, kuma na ga abin da ya ci min na data. Na duba a kwamfutar wurin aiki, shafin farko ya haura megabayit 14. Hotunan yadda kika fitar da su don maɗaba'a haka kika ɗora su, wani faɗinsa ya fi fiksel 4000, alhali fuskar waya ba ta buƙatar ko rabin rabinsa. Ki rage su zuwa kamar 800 ko 1000, ki mai da su WebP, nau'in hoto mara nauyi, ki sa `loading="lazy"` ga na ƙasa don kar su sauko sai an gangaro wurinsu. Ki kuma rubuta `width` da `height` na kowane hoto, don rubutu ya daina tsalle yayin da hoto ke shigowa.

Sannan ki gwada a Opera Mini. Mutane da yawa nan da can wurinku da ita suke shiga saboda tsimin data, kuma in tana yanayin tsimi sosai, shafin kan bi ta na'urorin kamfanin ne a matse shi kafin ya iso waya, JavaScript, yaren da ke sa shafi ya motsa in an danna, ba ya aiki yadda aka saba. Jerin shafukanki na sama da JavaScript yake buɗewa, a can na danna bai motsa ba. Shafuka biyar ne kawai, ki jera su a fili cikin `<nav>`, ba sai an ɓoye su ba.

Abu na ƙarshe, ki sa `<html lang="ha">`. Yanzu `en` ne a naki, kin kwafo shi daga darasi, wato kina gaya wa duniya shafin Turanci ne. Mu nan in muna son bambancewa mukan sa `ha-NE`, don rubutunmu ya ɗan saɓa da naku: ku kuna rubuta 'ya'ya, mu ƴaƴa.

Zainab:
Na gode Anti Mariyama. Na sa `ha`. Ga wata kuma da ta ɓullo: tun da haruffan suka gyaru, na lura a kanun shafin ƙ tana fitowa daidai, amma ɗ da ɓ sun fi sauran siranta, kamar an aro su daga wani wuri.

Mariyama:
Aro su aka yi kuwa. Salon harafin da kika zaɓa ba shi da su, sai burauza ta ɗauko daga wani ta cike gurbin. A Unicode, kundin da ya ba kowane harafi lambarsa, ba unguwa ɗaya suke ba: ƙ da ƴ da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ suna rukuni guda, ƙananan ɓ da ɗ kuma suna cikin rukunin haruffan masana furuci. Shi ya sa za ki ga salon da ke da wasu ba shi da wasu. Kafin ki ɗauki kowane salo, ki rubuta "ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ" da shi ki zuba ido. Noto Sans na da su duka, haka Andika da Charis na SIL.

Zainab:
Wannan ya yi min zafi, don salon nan saboda shi na tsara duk shafin. Amma ba zan bar sunan sana'ata da ɗ ɗin aro ba. Zan nemi wani.

Shamsu:
Don Allah a taimaka min da tawa. Ba ni da kwamfuta, waya ce kawai. Zan iya duk wannan? Kuma a ina ake ɗorawa ba da kuɗi ba?

Malam Ilu:
Za ka iya, Shamsu. Sauke Acode, manhajar rubuta HTML a waya, ka yi rubutun a ciki, ka ƙara Hausa a Gboard don ka sami haruffa masu lanƙwasa. Ma'aunin W3C yana karɓar rubutun da aka kwafo aka manna masa, ba sai shafin ya hau intanet ba. GitHub Pages na ɗaukar shafi irin wannan kyauta, har da HTTPS, wato kariyar da ke ɓoye abin da ke wucewa tsakanin shafi da mai shiga, wanda yake da muhimmanci don tun 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro. In ka sami hali daga baya ka sayi suna naka na .com.ng a wurin dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su. Kuma ka koma kan kurakuranka 40, ka gyara na farko kaɗai ka sake aunawa. Sau da yawa alama ɗaya da ba a rufe ba ita ke haifar da goma a ƙasanta.

Malam Audu:
Malama Zainab, na manta abu ɗaya. Na ba wani abokin aikina shafin, shi yana gani amma kaɗan-kaɗan. Ya ce rubutun ruwan zinare ne a kan fari mai ɗan duhu, ya kasa karantawa sam.

Zainab:
Malam, a nan kam ina da ja. Zinare a kan ruwan madara shi ne alamata, duk wanda ya san katina da shi ya san ni. Na yarda da alt, na yarda da kanu, na sauya salon harafi. Amma in ƙa'ida za ta zaɓa min launi, me ya rage na zane? Kowa ya yi baƙi a kan fari ke nan mu zama ɗaya.

Nura:
Nan ina bayanki. Abin da nake faɗa ke nan tun farko, in aka biye wa dokokin nan sai shafi ya koma kamar takardar asibiti.

Malam Ilu:
A'a, ku tsaya. Ba wanda ya ce baƙi da fari. Abin da WCAG ta nema, wato ƙa'idojin W3C na sauƙaƙa wa masu larura, shi ne tazara tsakanin hasken rubutu da na bayansa: 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Tambari kuma an cire shi daga dokar gaba ɗaya, haka ado zalla. Na auna naki, zinaren da madarar sun ba ni kusan 2.3.

Malama, ke kin fi ni sanin dalilin. A kati, zinaren nan ƙyalli gare shi, in an juya shi haske na kama shi, takarda mai kauri na riƙe shi. A allo ba ƙyalli, rawaya ce mai duhu kawai. Fita da wayarki tsakar gida da azahar ki gwada karanta bayanin farashin. Mai sayenki a kasuwa take, ko a cikin adaidaita sahu, da waya mai fasasshen gilashi da ta rage wa haske don caji ya kai ta gida.

Ki bar zinaren a tambari, a layukan ado, a gefen hotuna. Rubutun karantawa ki ba shi ruwan ƙasa mai duhu, irin na makuba. Ba a ƙwace miki zane ba, faɗin takardar aka gaya miki. Ai ko a maɗaba'a ana ce miki ki bar gefe don wuƙa, ba ki taɓa cewa an hana ki zane ba.

Zainab:
Na fita na gwada. Ni da na rubuta shi sai da na kare fuskar wayar da mayafina kafin na karanta. Zan gwada makubar in gani, amma in bai yi min kyau ba zan dawo mu sake magana.

Mariyama:
Ki gwada, ina jin zai ma fi fito da zinaren.

Zainab:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Ga inda aka kwana.

Shafukan biyar duk sun wuce ma'aunin ba kuskure. Da na gyara DOCTYPE da `<div>` bakwai ɗin nan, 63 suka koma 38. Daga cikinsu 24 na alt ne, sauran `<center>` da `<font>` ne da na kwaso daga wani tsohon darasi, da `id` guda da na ba abubuwa uku. Na cire duk `margin` masu ragi da na yi ta cusawa, don ba abin da suke gyarawa yanzu. Jeren katunan na sake shi da CSS Grid, layi uku a kwamfuta, ɗaya a waya, kuma CSS ɗin ya ragu da kusan rabi. Shafin farko ya sauko daga megabayit 14 zuwa ƙasa da 1.

Rubuta alt ne ya fi cin lokaci, dare biyu. Sai na tarar ban taɓa faɗin aikina da baki ba, kullum nunawa nake yi. Akwai katin da na zauna kusan minti goma ina neman sunan launinsa, daga ƙarshe na tambayi gwaggo ta ce ai ruwan hanta ne.

Makubar ta zauna. Anti Mariyama kin yi gaskiya, zinaren ya fi fitowa da ya zama shi kaɗai ne a tambari. Yaya Nura, ban koma WordPress ba, amma na gane abin da kake nufi da lokaci, don aikin kwastoma biyu na jinkirta a makon nan.

Saura abu ɗaya: ina so in sa layi guda na ajami a saman shafin, kamar yadda nake yi a wasu katunan. Yaya zan yi kar ya birkice?

Malam Ilu:
Madalla da wannan aiki. Ki sa layin a nasa sakin, `<p lang="ha-Arab" dir="rtl">`, sai burauza ta san Hausa ce da haruffan Larabci, daga dama zuwa hagu. Ki gwada shi a wayoyi biyu ko uku, don wasu wasulan ajami ba kowane salon harafi ke da su ba, irin matsalar ɗ ɗin nan ce ta dawo ta wata ƙofa.

Nura:
Barka 'yar'uwa. Ni dai ina nan kan WordPress ga mai shagon da ke son ya riƙa sauya kaya da kansa kullum, ba zan ce ya koyi HTML ba. Amma na bi shafuka huɗu na mutanena, uku `en` ne alhali Hausa ce a ciki, hotuna kuma ba a magana. Na fara gyarawa, ban caji kowa ba.

Shamsu:
Nawa saura 6!

Malam Audu:
Na sake shiga. H ta kai ni kanu biyar, na ji farashi, na ji katin ruwan hanta mai zanen ganye a gefe. Maɓallin aika saƙo ma Tab ta same shi. Abu ɗaya ya rage a fom ɗin: akwati na biyu manhajar ta ce min wurin rubutu ne kawai, ba ta faɗi na mene ne ba. Ina jin bayanin a cikin akwatin kika sa shi, ba ki ɗaura masa `<label>` ba.

Zainab:
Haka ne Malam, na lambar waya ne, na ɗaura wa na suna na manta da shi. Ma'aunin bai ce komai a kai ba. Na gyara, don Allah sake gwadawa.

Malam Audu:
Yanzu ta ce lambar waya. Na cike na aiko. Ƙanwar matata za a aurar bayan sallah, muna son mai ruwan hantar nan guda 200, amma a sauya ganyen da dagi in zai yiwu. Ki duba saƙon ki faɗa min kwana nawa zai ɗauka.

Zainab:
Ya shigo, Malam. Zai yiwu. Kwana biyar in sha Allahu, kuma zan turo maka samfurin tare da bayaninsa a rubuce kafin in kai maɗaba'a.